Yayen Sadiƙa

Jamus, Satumba

Zuwa ga Wakili ɗan Kawu Jibrilla, a Gangara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Maryamu da yara, da fatan damina ta yi albarka. Ni lafiya lau nike, sai sanyi da ya soma shigowa. Tunda an yanke muku layin waya, wannan takarda za ta bi ta hannun ƙanena Kamalu a Sakkwato, shi buga ta, shi ba Bawa direba. In za ka amsa, ka bi ta hanyar nan.

Gaisuwa ta ƙare. Wakili, mi nike ji? Kamalu ya ce ka tsaya a kasuwar Sabon Birni, gaban masu awon gero, ka ce uwata ta kama kurwar ɗiyarka Sadiƙa. Uwata Tani, ƙanwar ubanka, wadda ta yaye ka da hannunta, ta yaye rabin yaran danginmu daga Turba har Burkusuma. Yau ita ce mayya. Ya ce tun da maganar ta isa Turba daddawarta ke wuni a faranti ba mai taya ta, in ta nufo rijiya mata su janye ɗiyansu bayan zane. Ni da kai taubasai ne, mun saba zagin juna ana dariya. Wannan karon ban yi dariya ba.

Kafin a yanke layi Maryamu ta turo mani bidiyon yarinyar. Na kalle shi har idona ya gaji. Na ga yadda take murza hannuwanta kamar mai wanki, ba ta sakin su. Na ji ƙarar haƙoranta. Na ga an miƙa mata ƙosai, ta bi shi da ido, hannun ya ƙi zuwa. Ka san abin da ya kawo ni ƙasar nan, karatun yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke girma da abin da ke ba su umarni. Ni ba likitar asibiti ba ce, don haka na nuna wa wata likitar yara a nan, bakinmu ya zo ɗaya. Muna zaton wani ciwo ne da ake kira Ret, wanda kusan ɗiya mata kaɗai yake kamawa. Da shi ake haihuwar yarinya, sai shi yi lamo, sai ta soma tafiya da magana sannan shi bayyana.

Zato ne, jini ne za shi tabbatar. Ka kai ta babban asibiti a Sakkwato, Kamalu za shi haɗa ku da likitan da za shi ɗibi jinin a aiko. Kafin nan ka cire sunan uwata daga bakinka.

Nusaiba

Gangara, Oktoba

Zuwa ga Nusaiba ɗiyar Gwaggo Tani.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna nan lafiya gwargwado. Gero ya yi, sai dai gonar nesa ba mu taka ta ba bana saboda mutanen daji. Maryamu na gaishe ki, ita tac ce in rubuta haka.

Malama, na ga karatu ya kai ki har kina ganin ciwo cikin waya. To ni da idona nig gani, bari in gaya miki.

Ran da munka ɗauki Sadiƙa zuwa yaye, da ƙafarta tat taka har bakin mashin. Tana cewa Baba, tana cewa ruwa, tana cewa akuya. In an kira salla sai ta ɗora hannu ga kunne tana kwaikwayon ladan, muna dariya. Tuwo da hannunta take ci. Nid damƙa ta ga Gwaggo a Turba awa yadda anka saba, ta ɗan kwana biyu ta manta nono a maido ta. Sai hanya tal lalace, yarinya tay yi watanni can. Da niz zo ɗauka nit tarar da wata yarinya daban zaune kan tabarma, tana murza hannu, miyau na zuba. Nik kira sunanta, tad dube ni awa baƙo. Nit tambayi Gwaggo mi yas same ta, tac ce ita ma ba ta sani ba, kaɗan-kaɗan abin yaz zo.

Ranar ban zargi kowa ba, Allah shina gani. Mun nemi maganin asibiti, mun sha rubutu, mun yi hayaƙi. Maganarta duk ta ɗauke, kalma guda tar rage mata. In abin ya motsa sai ta riƙe numfashi har leɓenta shi yi baƙi, in ta saki sai ta ƙwala kuka tana Tani, Tani. Ba Baba ba, ba Inna ba. Ke ɗiyar ƙasar ga ce tun ba ki san hanyar Jamus ba, kin san wanda anka kama sunan wa yake kira. Maƙwabta ta kan katanga sunka ji, ba ni nik kai musu ba.

Ban ce a doke ta ba, ban ce a kore ta ba. Abu guda nike nema. Ta zo Gangara, ta kuskure baki a ba yarinya ruwan ta sha, ta tsallake ta gaban mutane yadda ake yi, ta sake mani ɗiyata. In ba ta riƙe komi ba, mi za ta rasa?

Ki bar ni da wani Ret. An ce ɓeraye kike kiwo can cikin kwalaye. Ɗiyata ba ɓera ba ce.

Wakili

Jamus, Oktoba

Wakili,

Ina amsa gaisuwar Maryamu, Allah shi ba ta haƙuri. Ina lafiya, ban da baccin da takardarka ta hana ni.

Ka tambaya mi uwata za ta rasa, sai ka ce ba a ƙasar aka haife ka ba. Duk wadda ta cire kallabi ta tsallake yaro gaban jama'a ta amsa ke nan. In yaron ya tashi a ce ta saki, in bai tashi ba a ce ta ƙi saki. Kuma ka san an ce maita nono take bi, don haka ranar da ta ɗaga ƙafa ni da Kamalu da ƙannenmu mata da ɗiyansu duk mun tsallaka tare da ita. Tsohuwar da ba ta da komi a duniya sai sunanta, shi kake so ta aje a tsakar gidanka.

Yanzu ka saurara, ko ba ka so, za ni yi maka karatu. Kowace ƙwaya a jikin mutum, ta fata, ta hanta, ta ƙwaƙwalwa, umarni iri ɗaya ta gada daga uwa da uba, dubbai. Abin da ya bambanta su shi ne wanne anka buɗe, wanne anka rufe, kuma yaushe. Kai mai lambun albasa ne. Ruwan rijiya ɗaya ne, amma sai wani ya tsaya da fartanya shi buɗe wa wannan fangali, shi toshe wa wancan. A ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai umarni guda mai irin wannan aiki, muna ce mashi MECP2. Jariri bai cika bukatarshi ba, shi ya sa Sadiƙa ta zauna, ta yi rarrafe, ta soma magana. Sai ƙwayoyin sun tasa, suna miƙa rassa suna kama juna, sannan aikinshi ke yin nauyi. In ya zo da tangarɗa a nan abin ke warwarewa, wani wuri ruwa shi yi yawa, wani shi bushe, rassan su tsaya gajeru. Ƙwayoyin ba su mutu ba, kuma ba wanda ya cinye su.

Lokacin da hakan ke faruwa, tsakanin shekara ɗaya da biyu, shi ne daidai lokacin da mu muke kai yara yaye. Nan kaɗai uwata ta shiga maganar. Da a bayan Maryamu yarinyar ta zauna, haka za ta yi. Ɗiyan Jamusawa masu wannan ciwo, da ba su taɓa ganin kunun yaye ba, haka suke yi, iri ɗaya suke murza hannu da Sadiƙa.

Batun suna kuwa, wa ya yi mata wanka watannin nan? Wa ta kira in ta ji yunwa, in ta farka ba uwa? Kalmar da ta fi yawan faɗa ita ce ta ƙarshen tafiya. Yarinya na kiran wadda ta goya ta, ku kun zauna bayan katanga kuna fassara.

Ɓerayen da kake yi wa gori, a kansu anka gano cewa ƙwayoyin nan na nan da rai. Sun fi wasu mutane amfani.

Tunda kuma ka dage sai ka san inda abin ya fito, to ka ji. A mafi yawan yaran nan, tangarɗar daga ruwan uba take tasowa. Je ka tsaya kasuwar Sabon Birni ka faɗi wannan.

Nusaiba

Gangara, Nuwamba

Nusaiba,

Lafiya muke. Ba ni da wata gaisuwa.

Ashe nan kinka dosa. Duk zancen albasa da fangali don ki zo ki ce mani bayana ruɓaɓɓe ne, ni nic cuci ɗiyata. Mace, ƙanwar bayana, ta zauna ta rubuta mani zancen ruwan uba, ta ba ƙanenta shi karanta shi buga. Ko kunya ma sanyin Jamus ya kashe miki ita? Ga Alhassan ga Hafizullahi, ni nih haife su, suna nan garau suna bin shanu. Gidan Jibrilla ba a taɓa haihuwar mai murza hannu ba. Don ki wanke uwarki kin kwaso ƙazantar kin zuba mani, kuma da ma an ce nono take bi, yanzu na soma yarda.

Kin ce yarinya na kiran wadda tag goya ta. Uwarta fa, ba ta goya ta ba? Ke ba ki haihu ba. Ba ki taɓa zama kina kallon ɗiyarki ta riƙe numfashi kina jiran ko za ta saki ba. Ni kullum haka nike wuni.

Wani abin kuma. Ina can tsallaken iyaka wurin sayar da wake, Maryamu tas saɓi yarinya tab bi Bawa zuwa Sakkwato ba da sanina ba, ƙanenki yak kai su anka ɗibi jini. Kin raba ni da Gwaggo bai ishe ki ba, kin shiga tsakanina da matata. To jinin ya tafi, ki yi abin da kinka ga dama da shi.

Ni na je wurin maigari. Ya aika wa maigarin Turba. Da an gama yankan dawa Gwaggo za ta zo.

Wakili

Jamus, Nuwamba

Wakili,

Ina gaishe ka, ina gaida Maryamu, ina yi wa Sadiƙa sannu.

Ka karanta abin da ban rubuta ba, ko da yake ni ma da fushi na rubuta shi, don in ƙona ka. Bari in gyara. Ban ce akwai ciwo a jikinka ba. Jikin namiji kullum kwafe umarnin nan yake yi, ba adadi, sai a yi kuskure a ƙwaya guda tak, ita kuma Allah Ya nufa ta zama Sadiƙa. Ba gadon gidan Kawu Jibrilla ba ne, ba laifinka ba ne, ba laifin kowa ba ne. Ɗiya maza ba su karɓar wannan sashe daga uba, shi ya sa ba ruwan su Alhassan. In Maryamu ta sake haihuwar mace, da wuya ƙwarai abin shi maimaita.

Jinin ya iso, ana aiki a kai. Ban taɓa roƙonka komi ba tun muna yara, yau ina roƙo. Ka jira sakamako. In ya fito ba abin da nike zato ba, za ni rubuta maka da hannuna in ce na yi kuskure. Na aika wa uwata ta bakin Kamalu kada ta taka ko'ina, ko maigari ne ya zo da kanshi.

Nusaiba

Jamus, Disamba

Wakili,

Ina gaisuwa. Shiru nike ji, Kamalu ya ce Bawa bai shigo ba, ban san ko hanya ce ko girman kai ba.

Sakamako ya fito, ga shi Kamalu ya haɗa maka da fassara. Tangarɗar na nan, a daidai umarnin da na gaya maka. Sadiƙa da ita ta zo duniya, tun kafin ta san akwai wani gari Turba. Na yi zaton za ni ji daɗi in na ga takardar, sai na zauna ina kuka, don ciwon ba shi da maganin warkewa har yau. Akwai dai abin yi. A riƙa motsa mata gaɓoɓi kada su sandare, a tsayar da ita tana takawa, abinci mai laushi a zaune ba a kwance ba. In farfaɗiya ta zo akwai maganinta a asibiti. Ku riƙa yi mata magana, tana ji, da ido za ta amsa muku.

Yadda ka tsaya gaban mutane ka ɓata uwata, haka za ka tsaya ka karanta musu wannan. Ka je Turba ma ka karanta. Bayan nan ni da kai sai gaisuwar mutuwa.

Nusaiba

Gangara, Janairu

Nusaiba,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Sadiƙa ta yi mura amma ta samu sauƙi.

Takardunki biyu rana ɗaya sunka iso, cikin ambulan guda. An tare hanyar Sakkwato, Bawa ya daɗe bai fita ba. Ba girman kai ba ne. Sun zo a makare, ban san ko Kamalu ya ji ba, gara ki ji daga gare ni.

Gwaggo ta zo. Saƙonki ya same ta, maigarin Turba ma yac ce shi ba ya tilasta wa tsohuwa. Ita da kanta tab biyo amalanken 'yan kasuwa, da hantsi sai ga ta ƙofar gida da ƙullin kayanta. Ba ta sha ruwa ba tac ce a fito da yarinya. Kafin a shimfiɗa tabarma gari ya cika gidan, har kan katanga. Maryamu tar riƙe mata ƙafa tana kuka tana cewa Gwaggo kada ki yi, Gwaggo tac ce sake ni ɗiyata, in akwai wani abu cikina da ban sani ba gara shi fita. Tac cire kallabi da mayafi, tar rage ɗaurin ƙirji. Ban taɓa ganin kan Gwaggo ba sai ranar, duk ya yi fari. Tak kuskure baki anka ɗura wa yarinya. Sannan tat tsallake ta, sai da tad dafa kafaɗata.

Munka tsaya muna jira. Sadiƙa na kwance tana murza hannu. Haka tak kwana, haka tat tashi, haka take har yau.

Abin da kinka ce za a ce shi anka ce. Wasu na cewa ta ƙi saki, wasu na cewa ta riga ta cinye. Daga Turba anka aiko wai ta dakata tukuna kada ta dawo, matan gidan sun ce ba su kwana da ita gida ɗaya. Tana nan wurinmu, ɗakin Maryamu, ita ke ba yarinya kunu. Ba ta fita ko ƙofar gida.

Takardar jinin na karanta ta, na sake karantawa, na kai wa ma'aikacin asibitinmu ya duba yac ce haka ne. Ran Juma'a bayan an sallame nit tashi gaban masallaci nik karanta ta da ƙarfi, nih haɗa da bayaninki, har wurin ruwan uba ban tsallake ba. Liman yac ce Allah shi sawwaƙe. Daga baya wani yat tambaya wa yar rubuto, anka ce ɗiyar Tani ce, sai anka yi dariya anka watse. Sun ga tsallake da idonsu, takarda ba ta goge musu shi. Za ni je Turba in hanya ta buɗe, amma ba na yi miki alkawarin za su ji.

Ki zage ni yadda kike so. Sai dai kada ki bar rubuto yadda za a yi da yarinyar, ko ga Maryamu ne. Kuma da kin aiko takardar Nuwamba tun farko maimakon ta Oktoba, wataƙila da ban je wurin maigari ba. Wannan ma ki riƙe.

Gwaggo ce ta ƙarshen ji, don na kasa tunkararta. Jiya da la'asar nit tarar da ita tana matsa wa Sadiƙa ƙafafu, niz zauna nik karanta mata duka, a hankali, ina yi mata bayanin fangalin da kinka yi mani. Ba ta katse ni ba. Da nig gama tac ce, "To ba ni ce ba ke nan, Wakili?" Nic ce ba ke ce ba, Gwaggo. Tac ce, "Kuma babu abin da za ni sake mata?" Nic ce babu.

Na zaci za ta yi hamdala, ko ta tsine mani, na ma shirya wa tsinuwar. Sai tar rufe fuska da gefen zane tana kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar tsallake. Tac ce tun daga Turba har Gangara, cikin amalanken nan, roƙon Allah take yi shi sa ita ce, don in ita ce yarinyar za ta tashi.

 

Wakili